Wa ke kashe wutar idon ƙuda bayan haske ya kunna ta?

Ɗalibi_Gwale:
Assalamu alaikum 'yan zaure. Taimako nake nema. Ina aji uku a sashen nazarin dabbobi, an ba ni gabatarwa a kan yadda ɗan ƙaramin ƙudan nan mai jan ido yake gani, wanda ke taruwa a kan ruɓaɓɓiyar ayaba da tumatir, Dorosofila. Na haddace yadda haske ke shiga har ya zama saƙon lantarki, na tsaya gaban aji na zuba kamar ruwa. Ina gamawa sai malamin ya ce, "To madalla, ka kunna. Wa ya kashe?" Wallahi na tsaya kamar an dasa ni. Ya ce in dawo mako mai zuwa da amsa. Ni a tunanina in haske ya ɗauke ai shi ke nan, ido ya daina amsawa. Ashe akwai wani abu ne daban?

Bakatsine77:
Wa alaikumus salam. Wa ya kashe? Ni ne nan, da silifas ɗina.

UmmuHanif:
Bakatsine kai dai ba ka rabo da shirme. Amma ɗana, ni ma abin da ka faɗa shi na ɗauka. Kamar ƙwan lantarki ne, an ɗauke wuta ya mutu. Mene ne abin bincike a ciki?

Malam_Bayoloji:
Hajiya UmmuHanif, da haka ne da malaminsa bai tambaya ba. Misalin ƙwan lantarki bai dace ba, domin haske ba shi ne wutar da ke tafiyar da idon ba, shi dai taɓa makunni yake yi ya wuce. Bari in ɗan koma baya.

Idon wannan ƙuda haɗakar ƙananan idanu ne kimanin 800, kowanne da ƙwayoyin gani guda 8. Kowace ƙwayar gani tana da wani gefe mai kama da buroshi, siraran tsinkaye kimanin 30,000 a jere, kuma a jikin tsinkayen nan ne furotin mai kama haske yake, wato rodofsin. A cikin rodofsin akwai ɗan guntun sinadari dangin bitamin A, a tanƙware yake. Ƙwayar haske guda ɗaya tak in ta same shi sai ya miƙe, furotin ɗin ya sauya siffa ya zama abin da ake kira metarodofsin. Shi ne ke tayar da furotin Gq, shi kuma ya tayar da wani furotin mai suna PLC, PLC ya dinga yanka wani kitse na jikin tantanin mai suna PIP2, daga nan ƙofofin TRP da TRPL su buɗe, sodiyam da kalsiyam su kwararo ciki. Saƙo ya tafi.

Inda gizo ke saƙa shi ne, metarodofsin ɗin ƙuda ba ya rushewa da kansa. In ka kashe fitila yana nan daram a siffarsa, kuma in ba a toshe shi ba zai ci gaba da tayar da Gq ɗaya bayan ɗaya cikin duhu. Ƙudan zai riƙa "ganin" hasken da ya daɗe da wucewa.

Ɗalibi_Gwale:
Ikon Allah. To Malam wa ke toshe shi?

Malam_Bayoloji:
Arestin, shi ma wani furotin ne. Ƙudan yana da iri biyu a ido, na ɗaya da na biyu, kuma na biyun ya fi yawa, shi ne babban ma'aikacin. Zuwa yake ya rungume metarodofsin ta gefen da Gq ke kamawa, sai Gq ya rasa wurin shiga. A 1993 ɗakin binciken Charles Zuker a Amurka ya fitar da aiki a kan ƙudajen da aka lalata wa arestin. An ga in an haska musu haske aka ɗauke, amsar idon ba ta sauka da wuri, tana jan jiki. Ka je ka faɗa wa malaminka arestin, ka huta.

Yar_Sakkwato_Lab:
Malam, a gafarce ni, amma in ya je ya ce "arestin" ya yi shiru, malamin zai sake kama shi da tambaya ta biyu. Na yi shekara uku ina aiki da ƙudajen nan a karatuna na digiri na uku, kuma abin da na fahimta shi ne arestin ɗan sanda ne, amma ba shi ke ba kansa umarni ba.

Ka duba: ko ka toshe metarodofsin, Gq ɗin da ya riga ya tashi fa? PLC ɗin da ke kan yanka fa? Ƙofofin da ke buɗe fa? Kowane mataki sai an kashe shi daban. Gq yana kashe kansa ta hanyar narkar da GTP, sinadarin da ke riƙe da shi a kunne, amma shi kaɗai nawa gare shi, PLC ne ke gaggauta masa. Wato PLC ɗin da Gq ya tayar shi ne ke juyowa ya kwantar da shi. An nuna wannan a 2000 daga ɗakin binciken Baruch Minke a Kudus: ƙudajen da PLC ɗinsu ya yi kaɗan, amsarsu tana daɗewa ba ta mutu ba, alhali mutum zai zaci akasin haka.

Sauran kuwa kusan duk kalsiyam ne. Da ƙofar farko ta buɗe, kalsiyam ɗin da ya shigo yana ƙara ingiza sauran ƙofofin su buɗe. Amma tsinken nan siriri ne ƙwarai, cikin ƙiftawar ido yawan kalsiyam a cikinsa ya ninka sau dubbai, sai kuma ya juya ya rufe ƙofofin da ya buɗe, ya danne PLC tare da taimakon wani furotin PKC na ido. Shi kansa arestin ɗin, a cikin duhu yana ɗaure ne a jikin wani furotin mai suna NINAC. Sai kalsiyam ya kama wani furotin, kalmodulin, sannan NINAC ya sake shi ya tafi aiki. Ɗakin binciken Roger Hardie a Kambirij ya auna wannan a 2008: in akwai kalsiyam, ana toshe metarodofsin cikin kamar milisakan 20 (milisakan ɗaya kashi ɗaya ne cikin dubu na daƙiƙa), in babu sai ya kai kamar 200. Ninki goma ke nan.

Ƙanina Ɗalibi, ka ce masa abin da ya shigo ta ƙofar shi ne ke rufe ƙofar.

Malam_Bayoloji:
Dakta, ban musa ba. Amma ki cire arestin ki bar kalsiyam ya cika tsinken har ya tumbatsa, metarodofsin zai mutu? Ba zai mutu ba. Kalsiyam ɗin yana raguwa zai sake tayar da rikici. Don haka tushen kashewar yana hannun arestin.

Yar_Sakkwato_Lab:
Haka ne Malam, zai sake tayarwa. Ni ma ka cire kalsiyam ka bar arestin, ka ga irin jan ƙafar da ido zai yi. Ƙudan da ke tashi sama ba shi da lokacin jira.

Injiniya_Sabongari:
Ni ba fannina ba ne amma bayanin Dakta ya shige ni, domin a wurinmu abu ne sananne. Ƙwallon nan da ke yawo a cikin tankin ruwa na saman gida, ruwan da ke shigowa shi ke ɗaga shi, shi kuma in ya ɗagu ya toshe bakin famfon. Ba a buƙatar mai gadi. Tambayata, bayan tankin ya cika wa ke kwashe ruwan? In kalsiyam ya zauna a ciki ai tsinken ya mutu ke nan har abada.

Yar_Sakkwato_Lab:
Injiniya ka kamo bakin zaren. Akwai famfon fitarwa a jikin tsinken, sunansa CalX, yana fitar da kalsiyam yana shigo da sodiyam a madadinsa. Kafin ya gama, tsinken yana yin kamar milisakan 100 ko fiye ba ya amsa komai, ko haske ya same shi. Amma tunda tsinkaye 30,000 ne, kuma kowanne cin gashin kansa yake, in wasu na hutawa wasu na aiki. Wannan hutun ma yana cikin abin da ke hana idon makancewa da rana tsaka: haske ya yi yawa, tsinkaye da dama suna hutu a lokaci guda, sai yawancin ƙwayoyin hasken su faɗi a banza. Da asuba kuwa kusan kowace ƙwaya ana ƙirga ta.

Baba_Mai_Lambu:
Salamu alaikum. Ni duk wannan turancin naku ya fi ƙarfina. Abin da nake so in sani, waɗannan ƙudajen su ne ke ɓata mini mangwaro? Bana kusan rabin abin da na tsinka in ka yanka sai tsutsa a ciki, daga waje kuwa lafiya lau sai ɗan tabo. In kun san yadda ake kashe musu ido ku faɗa mini in makantar da su gaba ɗaya.

Bakatsine77:
Yauwa Baba! Sai yanzu aka yi tambaya mai amfani.

Malam_Bayoloji:
Baba, Allah ya mayar da alheri. Ba su ba ne, sunan ne ya zo ɗaya a bakin Turawa. Mai ɓata maka mangwaro ya fi girma, yana da ratsin rawaya, macen tana da tsinin da take huda lafiyayyen ɗan itace ta zuba ƙwai a ciki. Wanda ya fi addabar manoma yanzu Baktarosera ne, daga Asiya ya zo, an fara ganinsa a Afirka a Kenya a 2003, ya bazu har ya iso mu. Namu na wannan hira ɗan mitsitsi ne, bai wuce milimita 3 ba, kuma abin da ya riga ya fashe ya fara tsami yake bi, don yis ɗin da ke kai yake so. Maganin naka ba ta ido ba ne, ta hanci ne: tarko mai ƙamshin da ke jawo mazan, da kuma tsince duk wanda ya faɗo ƙasa a binne shi da zurfi ko a ɗaure a baƙar leda a bar shi a rana, kada tsutsar ta shiga ƙasa ta ƙyanƙyashe.

Baba_Mai_Lambu:
Na gode Malam. Mu da muke barin na ƙasan wa awaki, abin da suka rage ya ruɓe a wurin. Ashe kiwonsu muke yi.

Bakatsine77:
To ni fa har yanzu ban ga dalilin da zai sa mutum da hankalinsa ya ƙare shekara uku yana leƙen idon ƙuda ba. Dakta kada ki ji haushi. Asibitocinmu ba magani, ana zuba kuɗi a kan abin da ake kora daga kan tuwo.

Nas_Ido_Zariya:
Bakatsine, bari in amsa maka daga inda nake aiki, sashen ido. Mu ma muna da arestin a idonmu, aikinsa ɗaya da na ƙuda, toshe rodofsin. Akwai ciwon gado da ake kira cutar Oguci, sunan likitan Japan da ya bayyana ta a 1907. Masu ita da rana suna gani, da dare kuwa dundumi, kuma sai sun yi awoyi cikin duhu kafin idon ya saba. Dalilin shi ne lalacewar arestin ko kuma furotin ɗin da ke shirya masa hanya. Makunnin kashewa ne ya lalace, ba na kunnawa ba. Ba cuta ce mai yawa ba, ni ban taɓa ganin mai ita ba, amma tana nuna maka zancen ba na ƙuda kaɗai ba ne.

Dundumin da muka fi gani a nan kuwa na rashin bitamin A ne, musamman ga yara da masu ciki. Shi ya sa ake ɗiga wa yara jan ƙwanson nan lokacin rigakafi, ake kuma ce wa iyaye su dage da manja, karas, zogale, hanta. Guntun da Malam ya ce yana miƙewa in haske ya same shi, daga nan jiki ke samo shi.

Yar_Sakkwato_Lab:
Ban ji haushi ba Bakatsine, mahaifiyata ma ta yi mini wannan tambayar, har ta ce kada in faɗa wa dangi abin da nake karanta. In ƙara a kan na Sista: ka san zafin barkono? Ƙofar da ke jin sa a harshenka TRPV1 ce, David Julius ya gano ta a 1997, ya samu kyautar Nobel a 2021 tare da Ardem Patapoutian. TRP ɗin da ke cikin sunan daga idon ƙudan nan aka samo shi. Duk dangin ƙofofin TRP da ke sa mu ji zafi da sanyi da raɗaɗi, kakansu da aka fara sani wani ƙuda ne mai matsalar gani.

Ɗan_Maraɗi:
Ina biye da ku daga Nijar. Dakta, wace irin matsala ce ƙudan ke da ita? Mu a nan da Faransanci muka yi karatun, na tuna sunan trp amma ban riƙe labarin ba.

Yar_Sakkwato_Lab:
Sannu ɗan'uwa. A 1969 Cosens da Manning a Edinbara suka ci karo da wani ƙuda da in haske kaɗan ne yana gani lafiya, in ya yi ƙarfi sai ya koma kamar makaho. Da aka auna lantarkin idonsa sai aka ga amsar tana tashi, sannan ta faɗi ƙasa alhali fitilar na kunne. Minke ne ya raɗa masa suna trp, ma'anarsa amsa mai gushewa. Craig Montell da Gerald Rubin suka ciro ƙwayar gadon a 1989, sannan a 1992 Hardie da Minke suka nuna ƙofa ce mai shigo da kalsiyam.

Abin da ya fi burge ni, kuma ya shafi gardamarmu da Malam: me ya sa amsar ke mutuwa? Mutum zai ce ai kashewa ce ta yi yawa. A'a, birki ne babu. Tunda babu TRP, kalsiyam ɗin da ke shigowa ta TRPL bai isa ya danne PLC ba, sai PLC ya yi ta yankan PIP2 har ya ƙare ƙaf. Kamar direban da ya take totur bai ɗaga ƙafa ba har mai ya ƙare. Motar ta tsaya, amma ba tsayar da ita aka yi ba.

Malam_Bayoloji:
Wannan kam na ba ki. Amma bari in kawo nawa shaidar, kuma na san kin san shi, PDA, wato amsar idon da ke ƙin mutuwa bayan an kashe haske. Ki ba su labarinsa da bakinki tunda ke kika gani da ido, ni a takarda na karanta.

Yar_Sakkwato_Lab:
Malam ka iya kafa tarko. To shi ke nan.

Rodofsin na manyan ƙwayoyin gani shida daga cikin takwas ɗin nan ya fi kama shuɗin haske, wajen nanomita 480 a ma'aunin launin haske. In ya zama metarodofsin sai ya koma kama ruwan goro, wajen 570, kuma in ya kama sai ya dawo rodofsin. Wato haske ɗaya ke kunna shi, wani haske ya mayar da shi. Arestin kuma bai kai rodofsin yawa ba, rodofsin ya ninka shi sau da dama. In ka ɗauko ƙuda mai farin ido ka buga masa shuɗin haske mai ƙarfi, ka juyar da kamar kashi ɗaya cikin biyar na rodofsin ko fiye a lokaci guda, arestin ya ƙare, sauran metarodofsin ba mai toshe su. Ka kashe fitila, layin lantarkin idon da ke kan allon na'ura ya ƙi dawowa. Zai iya zama haka awoyi cikin baƙin duhu.

Ranar da na fara gani na zaci wayar da na soka a idon ce ta goce. Na cire, na sauya, na ɗauko wani ƙuda, abu ɗaya. Na kusa kuka, don na ɗauka na lalata na'urar mutane. Wani da ya riga ni a ɗakin ya zo ya duba, bai ce komai ba, ya zare gilashin shuɗi ya sa na ruwan goro, ya haska sau ɗaya. Layin ya faɗo wurinsa nan take. Har yau in na tuna sai tsigar jikina ta tashi, a ce haske ne ya kashe abin da duhu ya kasa kashewa.

Kuma e, Malam, wannan shaidarka ce. A nan kalsiyam yana nan birjik amma bai hana ba.

UmmuHanif:
Tsarki ya tabbata ga Allah. Wannan ya tuna mini ayar nan ta 73 a Suratul Hajji da aka buga misali da ƙuda. Abin da muke kora da hannu. Amma Dakta me ya sa sai mai farin ido? Ni duk waɗanda nake gani a kicin jan ido gare su.

Yar_Sakkwato_Lab:
Hajiya, jan nan ba ado ba ne. Launi ne da ke kewaye da kowane ƙaramin ido don kada haske ya tsallaka zuwa maƙwabcinsa. Yana tare shuɗi da kore, amma ja yana ratsa shi ya yi ta yawo cikin idon. Jan haske kusan ba ya tayar da rodofsin, amma yana mayar da metarodofsin. Ke nan muddin ƙudan yana cikin hasken rana, ana ta sake masa caji kyauta. Mai farin ido ba shi da wannan kariyar, shi ya sa ya fi sauƙin gwaji. Farin idon ma tarihi ne da kansa, Thomas Hunt Morgan ne ya tsinci namiji guda a Jami'ar Kolombiya a 1910, kuma da shi aka fara tabbatar da cewa ƙwayar gado tana zaune a kan kuromosom.

Nas_Ido_Zariya:
A nan muka bambanta da su ke nan. Namu guntun in ya miƙe ficewa yake daga furotin ɗin, sai an kai shi wani tantani a bayan ido an sake tanƙwara shi an dawo da shi. Shi ya sa in ka fito daga rana ka shiga ɗaki mai duhu kake lalube, kuma cikakken sabo yana cin kusan rabin awa. Direbobin dare sun san wannan in wani ya watsa musu cikakkiyar fitila.

Direban_Dare:
Wallahi Sista kamar kin san abin da ke cina. Hanyar Kano zuwa Maiduguri nake bi, in babbar mota ta haske ni sai in yi daƙiƙu ina tuƙi da addu'a kawai. A ba mu idon ƙuda mana.

Injiniya_Sabongari:
Direba, in an ba ka za ka mayar. Saurinsa ya fi namu nesa, amma hoton dishi-dishi ne, ɗigo 800 a kowane ido. Ba za ka karanta allon hanya ba. Saurin dai shi ne abin sha'awa. Mu in fitila tana ƙiftawa sau 50 ko 60 a daƙiƙa sai mu gan ta a tsaye, manyan ƙudaje kuwa suna rarrabe ƙiftawa har sama da 200. Kuma in na fahimci Dakta, wannan ba daga saurin kunnawa kaɗai yake ba. In ba ka goge allo da wuri ba, ba inda za ka rubuta na gaba. Bakatsine, shi ya sa silifas ɗinka ke dukan tebur.

Bakatsine77:
Ina samunsu in sun ƙoshi. Ƙuda wajen kwaɗayi akan mutu.

Malam_Bayoloji:
Ɗalibi, wani abu da na manta. Kafin arestin ya kama, sai wani furotin ya fara liƙa wa wutsiyar metarodofsin fosfet, shi ne alamar da arestin ke bi. Ka sa wannan a matakin farko.

Yar_Sakkwato_Lab:
Malam a nan kam sai na tsaya maka. Wannan tsarin idonmu ne, mu masu ƙashin baya. A ƙuda ana liƙa fosfet ɗin, gaskiya ne, amma an yanke wutsiyar gaba ɗaya an gwada, amsar ta mutu daidai yadda ta saba. Arestin na biyu ba ya jiran wannan alamar. Inda fosfet ke da nauyi shi ne bayan an gama, wajen rabuwa. In metarodofsin ya koma rodofsin dole arestin ya sake shi, a kuma cire fosfet ɗin, aikin wani furotin RDGC ke nan, shi ma da kalsiyam yake tashi. In rabuwar ta gagara, su biyun suka manne, sai ƙwayar ta haɗiye su ciki, su taru, ƙwayar ganin ta mutu. An nuna haka a 2000 a ƙudajen da ba su da PLC: ba sa ganin komai, amma haske na kashe musu ido, kuma da aka cire arestin sai idon ya tsira. Ɗan sandan da ya kama ya ƙi saki shi ma bala'i ne.

Malam_Bayoloji:
Na karɓi gyara, na haɗa na mutum da na ƙuda. Shekara goma sha ina koyar da idon mutum, hannu ya saba. Amma ki lura, ko a wannan labarin arestin ne a tsakiya.

Yar_Sakkwato_Lab:
Kuma rashin kalsiyam ne ya hana shi saki.

Ɗan_Maraɗi:
Ku biyun nan sai an kawo alƙali. Ni sunayen ne ke ba ni dariya, NINAC, INAD, norpA. Wa ke raɗa su?

Malam_Bayoloji:
Yawancinsu daga ɗakin binciken William Pak ne a Jami'ar Purdue. Tun ƙarshen shekarun 1960 suka riƙa ba ƙudaje sinadarin da ke jirkita ƙwayar gado, suna auna idonsu ɗaya bayan ɗaya, daga baya suka riƙa amfani da gwajin shuɗi da ruwan goron nan da Dakta ta faɗa. Sunan kowanne taƙaitaccen bayanin abin da ya lalace ne. norpA, babu amsa ko kaɗan, shi ne ya zama PLC. Masu nina da ina kuwa waɗanda PDA ɗinsu bai fito daidai ba ne. ninaE shi ne rodofsin ɗin kansa. INAD kuma kamar faranti ne mai gurabe biyar, yana riƙe TRP da PLC da PKC wuri guda don kada a ɓata lokaci wajen neman juna. Sista, ga wani abu da zai yi miki daɗi: ƙudan da aka raina a abincin da ba bitamin A ba ya yin PDA, don rodofsin ɗinsa ya yi ƙaranci har arestin ya ishe shi.

Nas_Ido_Zariya:
Ƙuda mai dundumi! Allah mai iko.

Ɗalibi_Gwale:
Na gode ƙwarai, Allah ya ƙara ilimi. Ga abin da na rubuta, a duba mini: arestin ya toshe metarodofsin, PLC ya taimaka wa Gq ya mutu, kalsiyam ya rufe ƙofofi ya danne PLC, CalX ya fitar da kalsiyam, jan haske ya mayar da rodofsin. Amma in ya ce in zaɓi guda ɗaya fa? Na san halinsa, zai ce.

Malam_Bayoloji:
Arestin. Ka ba shi labarin PDA.

Yar_Sakkwato_Lab:
Ka tambaye shi wane irin haske yake nufi. In walƙiya ce guda mai rauni, amsa daban, in shuɗi ne mai ƙarfi, amsa daban. In kuma wuni guda ne a rana, akwai wasu abubuwan da ba mu ma taɓo ba: arestin yana ƙaura daga cikin ƙwayar ya taru a tsinkayen, TRPL yana ficewa daga cikinsu, wasu ƙwayoyin launi kuma suna matsowa jikin buroshin su rage hasken, su ma kalsiyam ke kiran su.

Bakatsine77:
Yaro, kada ka tambayi malami tambaya a gaban aji in kana son makinka. Ka ce arestin da kalsiyam, ka haɗa su kamar shinkafa da wake, ka zauna.

Baba_Mai_Lambu:
Malam, tarkon nan mai ƙamshi, guda nawa ake ratayawa a bishiya talatin? Kuma tun yana fure ake sawa ko sai ya fara nuna?